Baburin da Saura-Noti Ya Ƙera

"Ni fa," in ji Injiniya, yana zaune a kujerar mai aski, rabin fuskarsa duk kumfa, "in ka ba ni gwangwanin madara biyu da guntuwar waya, kafin la'asar zan haɗa maka abin da zai tashi sama. Babur kuwa? Babur ai wasan yara ne. Kwana uku sun ishe ni, har da fenti."

Mai aski ya ce, "Rufe bakin nan, Injiniya, kada in yanke ka."

Bari in gabatar maka da shi, aboki, tunda ka zo a makare. Sunan Injiniya shi ya laƙaba wa kansa. Mutanen layi kuwa Saura-Noti suke ce masa, don bai taɓa kwance abu ya mayar ba tare da noti ɗaya ya rage a tafin hannunsa ba. In ka tambaye shi, sai ya ce kamfani ne suka sa don ado. Fankar da ya gyara wa mai aski har yau kai kawai take girgizawa, kamar an tambaye ta ko akwai iska tana cewa babu. Sannu a hankali aka daina kawo masa gyara, rumfarsa ta koma wurin barcin akuyar maƙwabta, gida kuma ya koma kan keken ɗinkin matarsa.

To, ranar Alhamis ya ji labarin mai gidan burodi yana neman wanda zai riƙa kai burodi shagunan da ke kan tudu, sharaɗin ɗaya ne tak, sai mai babur. Injiniya ya je ya tsaya gaban mutumin, ya buga ƙirji ya ce yana da babur, irin wanda ma babu shi a kasuwa. Mai burodi ya ce madalla, ya zo da shi Litinin da safe a gani. Abin da Injiniya ya mallaka kuwa tsohon keke ne wanda ya girme shi, komai nasa yana ƙara in ban da ƙararrawar.

Daga gidan burodin ne ya biya aski ya yi wancan cika bakin. Daga shagon aski bai zame ko'ina ba sai wurin mai tsofaffin ƙarafa. Ya yini yana tono kamar kaza a juji, ya dawo gida da injin ƙaramin janareta a ka, da ƙafar gadon ƙarfe a hammata, da wani mulmulallen ƙarfe mai kama da 'yar taɓarya a aljihu.

Matarsa ta ɗago daga ɗinki ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Malam, bola muka koma kwasa?"

"Ke dai kawo min butarki ta ƙarfe."

"Shayi za ka sha?"

"Tankin mai zan yi."

"Da butata?"

"In na fara aiki, buta goma zan saya miki, kowace da murfinta."

Ta ce, "Wannan ɗayar ma kai ka ɓatar da murfin." Amma ta miƙa masa, don ita ma ta gaji da ɗinki har bayanta ya ƙage.

Dabarar Injiniya mai sauƙi ce, shi ya sa ma yake mamakin yadda masu kamfanoni ba su gano ta ba. A ɗora injin a gaban keke, saman tayar gaba. A liƙa 'yar taɓaryar nan a bakin injin, ta danne tayar. Inji ya juya taɓarya, taɓarya ta juya taya, taya ta kwashi Injiniya zuwa arziki. Ƙafar gado ta zama salansa. Da ya rasa wayar totur, sai ya cire ta birki ya ɗaura, ya ce wanda yake da wurin zuwa me zai yi da birki biyu.

Mai walda, wani tsoho marar son surutu, ya liƙa duk inda aka nuna masa. Da ya gama ya ɗaga gilashinsa ya daɗe yana kallon abin.

"Injiniya, ka duba ta ina injin nan yake juyawa kuwa?"

"Baba, kai walda ka sani. Ka bar wa masu ilimin abin iliminsu."

"To."

Ranar Juma'a da yamma aka yi gwajin farko a tsakar gida. Injiniya ya hau, ya gyara zama, ya sa aka buɗe masa ƙofar gida wangale don kada ya yi ɓarna wajen fita. Ya miƙa hannu ya finciki igiyar tayar da injin. Injin ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ya ɓarke da wata irin ƙara da ta sa jaririn gida na uku ya farka. Keke ya zabura da ƙarfin gaske.

Baya ya yi.

Injiniya yana kallon ƙofa tana nisa da shi, ya damƙi birki kamar yadda ya saba shekara talatin, ya manta birkin ya zama totur. Abin ya ƙara wuta. Ya ratsa igiyar shanya, ya kwashi zanen gado biyu da wandonsa na fita, ya faɗa akurkin kaji da baya. Kaji suka fito ta sama, shi ya tsaya a ciki.

Matarsa ta leƙo. "Malam, ka iso lafiya?"

Daga ƙarƙashin zanen gado murya ta fito: "Giyar baya na fara gwadawa. Duk wani babban inji da ita ake farawa."

Asabar da safe ya koma wurin mai walda, ya ce bayan dogon nazari ya yanke shawarar a juya injin ta ɗaya ɓarin. Tsoho ya yanke ya juya ya liƙa. Wannan karon Injiniya ya yi wayo, ya ce ba zai hau ba sai ya ga inda abin ya nufa. Ya tsaya a gefe a bakin layi, ya riƙe kan keken da hannu ɗaya, ya finciki igiya da ɗayan.

Gaba ya yi, ba ƙarya. Sai dai bai jira mai shi ba. Da ma babu kuloci, inji na tashi taya na tafiya. Keke ya ƙwace ya miƙe layi shi kaɗai, tsaf, ko karkata babu, Injiniya na binsa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ihu, "Ku tare! Ku tare min!" Wa zai tare? Mai kayan miya ta haye teburinta. Mai aski ya fito da aska a hannu, ya ga babur ya wuce babu kowa a kai, ya ga Injiniya ya wuce babu babur a ƙarƙashinsa, ya koma ciki ya ce wa wanda yake yi wa aski, "Ya fa yi gaskiya. Ya ƙera. Saura su haɗu."

A tarin yashin masu gini suka haɗu.

Lahadi ya hau tukuna kafin ya ja igiya, kuma a gaskiya ya yi tafiya. Daga ƙofar gidansa har shagon tela ya kai, yana ɗaga wa mutane hannu kamar ango. Sai aka fara jin ƙaurin roba. 'Yar taɓaryar nan tana cin tayar kamar ɓera ya samu sabulu. Kafin ya kai kwana, tau! Taya ta fashe, Injiniya ya sauka ta saman kan keke ya gaisa da ƙasa da goshi.

Taya ɗaya ta rage masa a duniya, wata tsohuwa da ke rataye a bayan ɗaki, ga shi gobe Litinin. Ya zauna a kan turmi yana shafa ƙulun goshi, yana jin ƙarar keken ɗinki daga ɗaki. Ya daɗe a nan. Can sai ya miƙe zumbur, ya tura keken wurin mai walda.

"Baba, ɗaga min taɓaryar nan sama. Yatsa ɗaya tsakaninta da taya."

Tsoho ya ce, "In ba ta taɓa tayar ba, me zai ja keken?"

"Kai dai ɗaga. Sannan ka liƙa min kwanon rufi nan da nan, gefe da gefe, ya rufe feda ruf."

Mai walda ya dubi ƙafafun Injiniya, ya dubi fuskarsa, ya sauke gilashinsa ya kama aiki.

Ka gane dabarar ai, aboki. Inji ya yi ƙara da hayaƙi, ƙafa ta yi aiki a ɓoye. In aka ba shi aikin, sauran gyara sai ya biyo baya a hankali. Abin da ya faɗa wa kansa ke nan.

Litinin da safe ya zura riga mafi faɗi da yake da ita, ya baza ta a kan gwiwoyinsa, ya ja igiya ya kama hanya. Gidan burodin da nisa, ƙafar gado kuwa ba ta rage ƙara, ƙara mata armashi take yi, kuma bakinta daidai kunnensa. Kafin ya isa, kansa ya cika da fa-fa-fa-fa har ba ya jin komai sai ita.

Mai burodi ya fito yana goge fulawa a hannu. Mutum ne wanda sana'arsa ta karɓe shi, in ya tsaya a ƙofa sai a kunna fitila a ciki. Ya zagaya abin sau biyu, ya ƙwanƙwasa butar, ya leƙa kwanon rufin.

"Wannan ne baburin?" ya tambaya da ƙarfi.

"Na'am?"

"Na ce wannan ne!"

"Shi ne, ranka ya daɗe! Ƙirar hannu! Doki goma ne a cikinsa!"

"Me ya sa ka jiƙe haka?"

"Zafin inji ne! Alamar lafiya!"

Mai burodi ya ce to, shi ba ya ɗora burodinsa a kan abin da bai hau ba. A kai shi kan tudu, in an isa, aiki ya samu. Ya ɗaga ƙafa ya zauna a kariyar baya, wurin ɗora kaya. Keke ya yi wani nishi irin na tsohon da aka tasa daga barci. Tayar baya ta baje.

Injiniya ya yi bismilla a zuci ya danna feda.

A miƙaƙƙiyar hanya abin ya tafi da daɗi. Hayaƙi na tashi, ƙara na tsaga gari, mutane na darewa. Mai burodi ya ga riga tana hawa tana sauka, ya matso da baki kusa da kunnen Injiniya.

"Gwiwoyinka fa? Me suke yi?"

"Fifita nake yi wa injin! Akwai fanka a ƙasa!"

"Ikon Allah."

Suka iso gindin tudu. Nan Injiniya ya sunkuyar da kai, ya runtse ido saboda gumin da ke kwarara ciki, ya tattaro duk ƙarfin da ya tara tun yaye. Butar nan kuwa da ma ba ta da murfi, rabin man ya fantsame a hanya, sauran kuma injin ya shanye. Injin ya yi tari biyu, ya yi shiru.

Shiru ya sauka a kan titi har ana jin kukan tsuntsu. Kowa ya ji shirun in ban da mutum ɗaya. A cikin kan Injiniya fa-fa-fa-fa tana nan daram, jikinsa kuma yana karkarwa da kansa, ba ya buƙatar inji ya girgiza shi. Ya ci gaba da dannawa. Sarƙa na ƙiiƙi, kwanon rufi na ƙwaram-ƙwaram, keke na hawa taku-taku kamar mai jinya.

Mai burodi ya dubi injin, ya dubi ƙeyar Injiniya, ya gyara zama. Ya zaro ɗan burodi daga aljihu ya fara ci.

"Yaya, injin na ja kuwa?"

"Ja kamar me!" Injiniya ya kurma ihu cikin shirun nan, har wata mata mai shara ta yar da tsintsiya. "Ka ji muryarsa ai! Ko rabin totur ban ba shi ba!"

"Haba? Ƙara masa mana."

Injiniya ya matse totur har ƙarshe, ya miƙe tsaye a kan feda, harshe a waje. Wata tsohuwa mai sanda ta zo ta wuce su, ta juyo ta ce sannunku. Masu shaguna suka firfito suna kallon ƙaton mutum yana cin burodi a bayan wani da ke kiran sunan dawakai goma.

Da ƙyar, da siɗin goshi, suka kai kan tudu. Injiniya ya sauke ƙafa ɗaya, ya miƙa hannu da yanga ya murɗa makashin injin da ya riga ya huce. Ya juyo yana haki yana murmushi.

"Ka... ka gani, ranka ya daɗe? Ko gezau... bai yi ba."

Mai burodi ya sauka, ya kakkaɓe ɓurɓushi daga rigarsa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan injin ya bar shi a nan, don kowa ya gani. Sannan ya sunkuyo daidai kunnen Injiniya, ya ɗaga murya yadda duk masu shagunan za su amfana.

"Malam, ni mai babur nake nema! Injinka na gaba ya mutu tun gindin tudu. Na tsakiyar ne ya kawo mu, shi ma ga shi nan yana neman ruwa!"