Rasuwar Enta, Mai Tura Babi Sabon Shafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan yatsa mai kanta, ake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tare mai makoki a hanya ya tambaye shi inda aka kwana a maganar littafi, rasuwar Enta, madannin da ke gefen dama na allon kwamfutar tsohon ma'aikacin laburaren nan mai ɗaki a ƙarshen baranda. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana bakin aiki, tsakanin Babi na Sha Shida da na Sha Bakwai. Shekararsa goma sha ɗaya a gidan. Wanda ya san irin rayuwar da ya yi zai ce ya ga tsawon kwana.

Mai makoki, wato tsohon da kansa, ya nemi a fara da bayyana ko wane ne marigayin, domin ya lura mutanen yanzu ba sa sanin sunan abin da ke yi musu bauta sai ranar da ya lalace. Enta shi ne madannin nan mai faɗi da ake taɓawa idan ana son sauka sabon layi. A gidajen da ake da tausayi, sau ɗaya ake danna shi a ƙarshen sakin layi, a ƙyale shi ya sarara. A nan kuwa dako yake yi. Shi ke saɓa babi sukutum ya yi ta gangarawa da shi, layi bayan layi, har sai kan babin ya faɗa saman sabon shafi, inda kowane littafi mai mutunci yake ajiye shi.

Littafin na rayuwar mai makoki ne, babi ashirin da uku. Ashirin da biyu sun kammalu shekara bakwai ke nan. Na ƙarshen, wanda zai ba da labarin jinyar matarsa da rasuwarta, kansa kawai aka rubuta, ƙasa duk fari. Ita ce ma ta fara buga masa littafin, da yake shekara ashirin da shida ta yi tana buga takardu a ofis. Yana rubutawa da biro yana miƙa mata, tana bugawa tana gyara masa abin da bai tambaya ba. Da ciwo ya kwantar da ita ta ce masa, "In ka iso kaina, ka rubuta ni yadda nake. Ban da ƙarin gishiri, na san halinka." Ya ce to. Har yau yana kan to ɗin. Bai taɓa cewa ba zai rubuta ba. Lokaci ne ya yi ƙaranci, marigayin kuma shaida ne.

Kowace safiya ƙarfe takwas mai makoki yakan zauna da niyyar shiga babin ƙarshe. Sai dai mutumin da ya shekara talatin da huɗu a tsakanin kantocin littattafai ba ya ganin kuskure ya kau da kai. Zai ɗan leƙa baya, ya tarar da wata "amma" a Babi na Sha Biyu da ba ta da aikin yi. Ya cire ta. Layi ɗaya ya ɓace, duk abin da ke ƙasa ya matso sama, shi ke nan unguwa ta hargitse. Kan Babi na Sha Uku ya kwana a gindin shafi, gangar jikinsa tana shafi na gaba. Na Sha Takwas ya tsaya yana kalle-kalle kamar baƙon da aka sauke a tashar da ba tasa ba. A nan ake kiran marigayi. Tak. Tak. Tak.

Wani rago zai fara gyara daga inda ɓarnar ta soma, komai ya koma mazauninsa cikin minti biyu. Mai makoki daga baya yake farowa, daga Babi na Ashirin da Biyu, domin a cewarsa haka ake bin kanta a laburaren da ya san abin da yake yi. Saboda haka duk babin da ya tura sai ya ture waɗanda aka riga aka zaunar, a dawo a sake. In lissafi ya kwance masa gaba ɗaya, yana da ɗan kati a ƙarƙashin kofin shayi mai ɗauke da rabon kowa: Babi na Sha Ɗaya dannawa goma sha huɗu, na Sha Biyu ashirin da bakwai, na Sha Biyar biyu kacal, don shi yaron kirki ne. Bayan nan sai a daidaita kan kowane babi a tsakiyar shafi da dogon madannin tazara, ana aunawa da rula a jikin gilashi. Sannan a koma ƙumshiya a sake lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya. Kafin a gama rana ta take tsaka, baya ya ƙage, babin ƙarshe sai gobe.

Marigayin mai haƙuri ne, mai riƙe sirri. A shekara bakwai bai taɓa tambayar dalili ba. Bai taɓa cewa "Baba, yaushe za mu gani?" ba. Bai taɓa ba mai makoki shawarar ya riƙa fita shan iska ba, balle ya kawo masa labarin wata bazawara mai hankali da ke layin baya. Ya ratsa littafin nan sau dubbai daga sama zuwa ƙasa, abin da surukin gidan bai yi ko sau ɗaya ba, duk da an ba shi babi uku ya ce "sun yi daɗi ƙwarai" alhali takardun ko lanƙwasa ba su yi ba. A ƙuruciyarsa muryarsa ƙyas ce, siririya mai tsafta. Da girma ya zo ta koma tak. Rubutun da ke goshinsa ya goge tun shekara ta huɗu, tsakiyarsa ta loɓa daidai girman yatsa, bai fasa fitowa aiki ba.

Ciwon ajali ya fara wata uku da suka wuce. Da farko jin kira ne ya yi masa nauyi, a danna sau biyu ya amsa sau ɗaya. Sai tak ta koma ƙwas, ƙwas ta koma wani ƙiii mai ban tausayi. An hura masa iska, an sakace masa gefe da tsinke, aka fito da ɓurɓushin biskit na shekaru da farin gashi guda. Ya ɗan ji dama kwana biyu. Ranar Litinin zazzaɓi ya hau kansa: aka danna shi ya ƙi tasowa, ya yi ta sambatu shi kaɗai, kafin a ankara ya zazzago shafi arba'in da ɗaya farare fes a tsakiyar littafi. Mai makoki ya duba su a natse, ya ce a cikin abin da ake bugawa yanzu ya ga waɗanda ba su kai su ba. Washegari ya danna, ya ji yatsansa ya nutse. Babu ƙwas, babu ƙiii.

An garzaya da shi wurin mai gyara a bakin titi. Mai gyara ya ɗaga shi da bakin sukundireba, ya leƙa ƙarƙashi, ya dubi mai makoki sama da ƙasa. "Baba, wannan ai kashe shi aka yi. Daka kake yi da shi ne?" Mai makoki ya amsa da cewa adabi yake yi da shi. Mai gyara ya ce koma dai mene ne, a rage.

Binciken musabbabin mutuwa Auta ce ta yi shi, 'yar mai makoki, uwar 'ya'ya biyu, wadda ke aiki a ofishin lauyoyi kuma ta ɗauko bakin mahaifiyarta ba ta rage komai ba. Ta zo ranar Laraba da sabon allon madannai a jaka, ta jona, ta ja kujera ba tare da an yi mata izini ba. Ta danna wata alama a sama mai kama da tuta da aka juya baya. Nan take duk abin da ke ɓoye ya bayyana. Kowace dannawar marigayin ta fito da shaidarta a gefen shafi, jere reras kamar gwano, kowace tazara ta zama ɗigo.

"Kai, Baba!" in ji ta. "Duk wannan da hannu? Shekara nawa?"

"Aikin hannu ya fi albarka."

"Allah Ya ji ƙan wannan madanni, ya ga ta kansa. Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Ban ga alamar kina da lokacin tsofaffi ba."

"Ranar Asabar nawa na zo ka ce kana aiki?"

Ya gyara zaman kofin shayinsa. Ta yi ta jan shafuka sama tana dariya tana girgiza kai, har ta iso Babi na Goma, sai dariyar ta tsaya. Daga tsakiyar shafi na ɗari da goma sha huɗu zuwa farkon littafi babu gwano ko ɗaya. Babi tara suna zaune daram, kowanne a saman shafinsa, kai a tsakiya, ba tazarar banza. Mai makoki ya daɗe da lura cewa waɗannan taran ba sa motsi komai aka yi, ya ɗauka ladabi ne irin na 'ya'yan fari. Ashe hannun matarsa ne. Ga inda ta tsaya nan ana gani, a tsakiyar labarin ranar da rufin laburare ya yi yoyo, daga layi na gaba kuma ɓarnarsa ta fara. Ya san makon: makon da ciwo ya kwantar da ita. Auta ta tashi ta ce bari ta duba ruwan zafi, alhali babu wanda ya ɗora ruwa.

Da ta dawo ta buɗe jerin salon rubutu ta nuna masa. Akwai salo guda da aka ƙera musamman don kan babi: manyan baƙaƙe, a tsakiya, kuma duk inda aka sa shi sai ya fara sabon shafi da kansa. Wadda ta ƙera shi ta raɗa masa suna "Na mai gardama". Auta ta share gwanon kaf, ta bi sauran babobin ɗaya bayan ɗaya tana sa musu salon uwarta, ta umarci ƙumshiya ta riƙa ƙirga shafukanta da kanta. Shayin mai makoki ko hucewa bai yi ba. Don ya kunyata ta, ya cire sakin layi guda daga Babi na Sha Biyu. Babu babin da ya ko gyara zama. Ya cire shafi guda. Shiru. Ya mayar da su.

"To, Baba, yanzu me ya rage?" in ji ta, tana saɓa jaka.

Ya ce zai duba. Ta ce ita ma za ta duba, ranar Asabar.

Marigayin ya bar 'yan'uwa da dama. Akwai yayansa dogon madannin tazara, wanda aka sallama daga aikin daidaita kan babi ya koma raba kalmomi kamar kowa. Akwai maƙwabcinsa na sama, magogi, abokin aiki kuma abokin gaba, da duk abin da marigayin ya gina shi ke rushewa. Akwai madannin ɗigo, da ya tsufa yana jera hanya daga sunan babi zuwa lambar shafi. Rula ta koma aljihun tebur. Katin lissafi yana nan ƙarƙashin kofi, ya zama abin tare danshi. Ya kuma bar magaji a sabon allo, matashi mai sheƙi da ba shi da murya, wanda sau ɗaya ake taɓa shi a sakin layi kuma ba zai taɓa sanin wahala ba. Mai makoki ba ya ƙinsa. Bai dai ga abin so ba tukuna.

Ranar Alhamis ƙarfe takwas mai makoki ya zauna kamar kullum. Ya bi littafin daga baya zuwa gaba yana neman abin gyara, ya sake bi daga gaba zuwa baya. Takwas da kwata ya ƙare. Ya goge gilashi, ya wanke kofi, ya sake ɗaure igiyar labule. Takwas da rabi. Daga nan babu sauran wurin zuwa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar ƙarfe ɗaya na rana, a ɗakin da ya yi rayuwarsa. Za a sa shi a farar ambulan, a ajiye a aljihun tebur na ƙasa, Auta za ta riƙe aljihun, mai gyara kuma ba a gayyace shi ba. Ba a buƙatar jawabi, ba a buƙatar shawara, wanda ya san wata hanya mafi sauƙi ta tsara shafi ya riƙe abarsa. Ana karɓar gaisuwa kullum daga ƙarfe goma sha biyu, domin daga takwas zuwa lokacin ƙofa a rufe take. Mai makoki yana shafi na huɗu na Babi na Ashirin da Uku, a barandar asibiti, likita ya fito yana neman mijin marar lafiya. Wanda ya riga lokaci ya zauna a benci ya jira, kada ya ƙwanƙwasa. In an buɗe ya ga idon tsoho ya yi ja, na madanni ne. Ya yi masa ta'aziyyar madanni, ya kama hanya.