Sunan Mista Prokop a Ƙarƙashin Baƙar Tawada

Duk garin da Allah Ya so da alheri yakan ba shi mutum ɗaya mai tsaya masa. Mu a Tarrant Mills, can gefen jihar Ohio, sai Ya ba mu Mista Delbert Prokop, kuma bai rage mana komai daga cikinsa ba. Dogo ne, mai tumbi daidai misali, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Shi ya gano cewa akwai dokar da ta ba kowa damar neman takardun hukuma ya gani da idonsa, kuma tun ranar da ya gano ta dokar nan ba ta ƙara hutawa ba. Ya nemi sanin wanda ya zaɓi launin fentin tankin ruwa. Ya nemi sunan wanda ya sa aka sare bishiyar gaban laburare. Mutanen gari, saboda tsabar ƙauna, suka laƙaba masa Tocilan. A gaban idonsa kuwa Mista Prokop ne.

Inda ya fi ƙwarewa shi ne takardun kamu. In 'yan sanda suka kama mutum da safe, kafin rana ta yi tsaka Tocilan yana ofishin magatakarda yana neman rahoton, haɗe da hoton nan da ake ɗaukar mutum yana zare ido. Daga nan sai shagon kofi, ya baje su a tebur don jama'a su ƙaru. Shi ne ma ya matsa wa majalisar gari lamba har ta kafa ƙa'ida cewa duk takardar da aka ba mutum ɗaya, a ranar za a liƙa kwafinta a allon sanarwa na laburare. Ya yi kawaici ya yarda aka sa wa ƙa'idar sunansa.

"Ni ba ni da abin ɓoyewa," in ji shi a gaban majalisa, "saboda haka ban ga dalilin da wani zai samu ba. Ku tuna, 'yan'uwana, mai maganar nan ya san ciki da wajen kurkuku!"

Wannan kuwa kowa ya sani, don ya gaya wa kowa. A lokacin babban yajin aikin masana'antar gilashi, shi yana da ɗan ofishin inshora daura da ƙofar masana'antar, amma kishin talaka ya fito da shi titi har aka kama shi. Labarin yana da albarka, yana girma kamar kabewa. Da farko motar 'yan sanda kawai ya shiga. Bayan 'yan shekaru aka sa masa ankwa. Kwanan nan ma ya fara kwana a kurkuku. Yakan nuna wuyan hannunsa, daidai inda agogo ya bar farin zane, ya girgiza kai.

Bana yajin ya cika shekara arba'in. Ƙungiyar ma'aikata ta ce za ta kafa allon tagulla mai sunayen waɗanda aka kama, kuma ɗaya daga cikinsu zai hau buɗaɗɗiyar mota a gaban faretin Ranar Ma'aikata. Mutuwa ta riga ta sauƙaƙa zaɓen, saura mutum biyu. Akwai Tocilan, akwai kuma Bernadette Sulak, wata 'yar tsohuwa da aka kora daga masana'anta saboda kamun, ta ƙare ƙarfinta tana wankin kwanuka a kicin ɗin makaranta. Ita ba ta ba da labarin. Kwamiti ya ce kowa ya kawo shaida a rubuce. Tocilan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce an aiki kifi wanka.

Ya rubuta buƙata mai shafi da shafi. Aka tono rahoton 'yan sanda na ranar kamun daga ɗakin ajiya. Ya bi sunayen da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi daga ƙasa har sama. Ga Bernadette, ga matattu, babu Prokop. Amma a shafin farko akwai wasu layuka da aka shafe da baƙar tawada.

A yi masa adalci, ba ƙarya yake yi ba. Yana tuna ƙamshin kujerar motar 'yan sanda. Yana tuna bencin ofishinsu, da ɗacin kofin da ya sha. Mutumin da ya tuna wannan duka, kuma ya ga baƙar tawada, me ya rage masa in ba ya gane an yi masa maƙarƙashiya ba?

Ya dira a gaban Madam Tibbs, magatakardar, ya buga takardar a kan teburinta.

"Sunana ne a nan ƙasa, ko ba sunana ba ne?"

Ta dube shi, ta dubi takardar. "Mista Prokop, mai sunan ne ya roƙi a ɓoye shi tun a lokacin. Don Allah ka je gida ka huta."

"Kun ji ko!" Ya juya ga mutanen da ke layi. "Ba ta ce a'a ba!"

A gida matarsa Marlene ta ajiye masa abinci, ta tsaya tana goge hannu. "Del, ranar nan, a motar 'yan sandan, a kujerar gaba ka zauna ko ta baya?"

Ya ce tarihi ba ya tambayar kujera. Ta koma kicin.

Daga nan gari ya ga gwagwarmaya. Ya ɗaukaka ƙara. Ya rubuta wa jarida. Ya yi jawabi a majalisa har shugaban zama ya ƙare ruwan gorarsa ya fara kallon ta maƙwabcinsa.

"Shekara arba'in suna tsoron sunan nan!" in ji shi. "Sun shafa masa tawada, sun zuba shi a kwali, sun tura shi ƙarƙashin ƙasa. Amma ni Delbert Prokop zan tono kaina da hannuna!"

Lauyan gari ya gaji, ya ce abin mai sauƙi ne: in mai sunan ya yarda a rubuce, za a buɗe. Tocilan ya sa hannu da irin sa hannun da ke cin rabin shafi.

Ranar da za a liƙa takardar a laburare ya gayyato kwamiti, da mai ɗaukar hoton jarida, da duk wanda ya taɓa shan kofi kusa da shi. Ya zo da kwat da furen roba a ƙirji. Saboda karamci, ya ƙi karantawa da kansa.

"Bari 'yar'uwata a gwagwarmaya ta karanta. Bernie, matso kusa, kada ki ji kunya."

Bernadette ta sa tabarau, ta matsa jikin allon, ta karanta da muryar da ake karanta farashin gwangwani.

"Wanda ya kira 'yan sanda: Delbert Prokop. Ya ce masu yajin aiki sun tare masa hanya, motarsa ta kasa fita, kuma mai aski yana jiransa. An kawo shi ofis a motar sintiri, ya nuna su ɗaya bayan ɗaya. An ba shi kofi. Ya ce kofin ba daɗi."

Mai hoto ya yi aikinsa. Bernadette ta cire tabarau ta naɗe.

"Ni Stan na zarga, maƙwabcina," ta ce. "Ya rantse mini ba shi ya kira su ba, na ƙi yarda. Har ya mutu ban gaishe shi ba, ban je jana'izarsa ba." Ta ɗaga kai ta dube shi. "Na gode, Del. Da ba ka dage ba, da ban sani ba."

Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi, amma ba tausayinsa ba. Shi dai ya sanar da cewa aƙalla an tabbatar sunansa ne. Washegari ya nemi a cire takardar daga allo. Aka nuna masa Ƙa'idar Prokop, a rataye cikin gilashi a gefen allon.

Ranar fareti ya ce yana da uzuri a wajen gari. Suka fito da Marlene a mota, suna isa mahaɗa suka tarar an rufe titi. Ga masu ganguna, ga tutoci, ga ma'aikata sahu-sahu ba su da niyyar ƙarewa. A gaba, cikin buɗaɗɗiyar mota, Bernadette ce zaune tana riƙe da hoton Stan a cinya. Tocilan ya duba agogo. Ya danna ham sau ɗaya, ba wanda ya waiwayo. Ya yi tsaki, hannunsa ya tafi aljihu a hankali.

Marlene ba ta ko juyo ba.

"Del," ta ce, "ajiye wayar nan."