Awon Jini da Dantsen Aro

Wani ne fa, irin mutanen nan da in suka shiga wuri sai kowa ya san sun shigo, aka ce masa yana da hawan jini. Tun daga ranar matarsa ta ɗauke gishiri daga kicin ta kulle a akwatinta. Miya lami, shinkafa lami, har ƙwai lami. Mutumin nan ya rame a tsaye don baƙin ciki. Ya roƙa, ya yi fushi, ya turo yayarta ta sa baki, duk a banza.

Da ya ishe ta da magiya sai ta ce, "To, Baban yara, je ka asibiti a auna ka. In lambar sama ta sauko ƙasa da ɗari da arba'in, da hannuna zan zuba maka gishiri. Amma hoton fuskar injin nake so ka turo mini ta waya. Na daina yarda da bakinka tun ran da ka dawo ka ce nas ta ce jininka irin na jarirai ne."

Washegari gogan naka ya yi sammako sai asibitin unguwa. Ashe ranar masu hawan jini ce. Benci uku cike maƙil, wasu a tsaye a baranda, nas kuwa ita kaɗai ce, injin awon ma guda ɗaya. Ita ke karɓar kati, ita ke awo, ita ke ƙirga ƙwayoyin magani, ana kiranta ɗakin allura tana amsawa da murfin biro a baki. Kofin shayinta na kan tebur tun safe, har ya yi sanyi ƙuda ya faɗa ciki.

Da layi ya zo kansa ta ɗaura masa abin awon a dantse, ta danna. Injin ya hura, ya saki. Ɗari da sittin da biyar.

"Malam, ya hau. Koma benci ka huta minti biyar in sake aunawa. Ka jingina, ƙafa a ƙasa, ban da magana."

"Ko gaisuwa, Sista?"

"Ko gaisuwa."

Ya koma ya zauna. Bai yi minti ɗaya ba ya ji tsohon tela da ke gefensa yana cewa ƙwallon jiya alƙalin wasa ya yi daidai. Nan take ya miƙe, ya shiga nuna yadda aka taɗe ɗan wasan, har da faɗuwa a kan bencin mutane. Nas ta dawo ta same shi yana haki. Ta auna. Ɗari da saba'in da takwas.

"Ka huta kuwa?"

"Na huta, Sista. Baban nan ne bai san ƙwallo ba."

"Koma. Daga farko."

Ya koma ya zauna, ransa a ɓace, yana tuna miyar da ke jiransa a gida. Ana cikin haka aka shigo da wani kafinta da ya yanke a hannu, jini na zuba. Nas ta ajiye komai ta ja shi ɗakin ɗauri, tana cewa, "Kowa ya zauna inda yake, kada wanda ya motsa."

Mutumin namu ya dubi injin a kan tebur. Sai dabara ta faɗo masa. Ai hoton fuskar injin aka ce ya turo, ba a ce har da dantse ba. Dantsen kowa ma ya yi.

Ya ɗauko injin ya tsaya gaban benci. "Jama'a, Sista aiki ya yi mata yawa, bari in rage mata. Baba, miƙo hannu."

Ya ɗaura wa tela, ya danna, ya saita waya. Ɗari da tamanin. Ya ja tsaki.

"Haba Baba, kai ma ba ka da amfani. Wannan ai ka fi ni lalacewa."

Tela ya dafe ƙirji. "Nawa ka gani?"

"Kada ka tambaya. Ka dai yi wa iyalinka sallama mai kyau."

Ya matsa wurin wata tsohuwa mai sanda. "Inna, ke da ganinki ba ki da damuwa." Ya auna, ya girgiza kai. "Inna, da ƙafarki kika zo?"

Tsohuwa ta fara salati. Ya bi bencin farko kaf, bai samu ko ɗaya mai kyau ba. Ya shiga na biyu, nan ma haka. Duk wanda ya ji abin da aka gaya wa na gabansa, kafin a iso kansa jininsa ya ƙara hawa. Ya hango wani ƙaton saurayi da ya rako kakarsa, ya ce yauwa, ga lafiyayye. Ashe saurayin tun safe yake tsaye, maigidansa na ta kiransa daga wurin aiki yana zagi. Shi ma ɗari da hamsin da wani abu.

"Wai duk asibitin nan babu mai lafiya ne?" in ji shi.

Nas ta fito tana cire safar hannu, ta tarar da wuri ya hargitse. Tela yana kiran ɗansa a waya yana gaya masa inda ya ajiye makullin shago. Tsohuwa tana kuka. Mutanen da suka gama hutunsu, saura kawai a auna su su tafi, duk sun miƙe suna hayaniya. Ke nan kowa sai ya sake hutun minti biyar daga farko, ga rana ta yi.

Ta tsaya ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba, amma jijiyar wuyanta ta fito.

"Wa ya ba ka?"

"Taimako ne, Sista."

Ta fizge injin. "Shi kaɗai gare mu. In ka lalata shi, yau sai dai mu kwana a nan ni da kai." Ta naɗe hannun rigarta, ta ɗaura wa kanta don ta gwada ko yana aiki.

Idon mutumin ya yi haske. Ai ga dantsen da yake nema tun ɗazu. Nas guda, mai hana kowa gishiri, ina za ta ga hawan jini? Injin yana sakin iska ya zura waya ta saman kafaɗarta, ya ɗauka, ya tura wa matarsa ko dubawa bai yi ba. Har ya rubuta a ƙasa, "A fito da gishiri."

Sai da ya tura ya leƙa. Ɗari biyu da biyar.

Kafin ya rufe baki waya ta yi ƙara. Muryar matar har baranda ana ji.

"Ɗari biyu da biyar, kuma kana da bakin neman gishiri? Daga yau babu nama, babu mai, shayin ma babu madara. Kada ka motsa daga nan, ga ni nan zuwa da Yaya."

Ya kashe waya. Ya jawo kujera ya karkaɗe ta da hularsa, ya ajiye a gaban nas.

"Sista, don girman Allah ki taimake ni. Ki zauna ki jingina, ƙafa a ƙasa, ban da magana. Minti biyar kacal, mu sake ɗauka kafin ta iso."

Daga ɗakin allura aka ƙwala mata kira. Ta cire abin awon ta rataya a wuya, ta ɗauki tire.

"Malam, in ka samo mini minti biyar a asibitin nan, ni zan saya maka gishirin, buhu guda."