Rasuwar Uwar Majalisa, Salular Barmo da Ta Faɗa Rami

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, iyalan Malam Barmo Mai Albasa na Madawa, tare da ɗaukacin ƴan Majalisar Baƙin Ƙwallo na Madawa da Buza da Kaita, suna sanar da ƴan'uwa da abokan arziki rasuwar salularsa, wadda aka fi sani da Uwar Majalisa. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, bayan gajeruwar jinya da ta samo asali daga ƙasan rijiyar garkar albasa. Ba wanda ya san shekarunta, domin ko da Barmo ya ɗauko ta a kasuwar Bangi ta riga ta zauna gidan wasu, kuma ba ta taɓa faɗin abin da ya fitar da ita ba.

Saboda baƙi da sanarwar nan za ta isa gare su, ya kamata a yi bayani. Majalisar Baƙin Ƙwallo gurup ne na masu wasan biliyar a salula, wasan nan da ake jan sanda da ɗan yatsa, a daki farin ƙwallo ya kora sauran cikin rami. A majalisarmu farin ƙwallon nan «uwa» ake ce masa, don shi ke kora ƴaƴa gida, kuma babban abin kunya ga ɗan wasa shi ne ya jefa uwarsa rami da hannunsa. Barmo shi kaɗai ne admin. Shi ke shigar da mutum, shi ke kora. Wannan iko kuwa duk a cikin marigayiya yake ajiye, shi ya sa aka yi mata laƙabin da aka yi mata.

Marigayiya mai haƙuri ce, kowa ya shaida. Fuskarta ta tsage tun wata damina da ta wuce, amma ba ta taɓa ɓoye wa Barmo rami ba. In ya kuskure, hannunsa ne. Robar tayar keke ce ke riƙe da bayanta, ba ta ji kunya ba. Ta hau rumbu neman rezo, wato sabis ɗin waya, ta hau amalanke, ta hau kan katangar makwabta har aka yi mata ihun ɓarawo. Ta kwana da yunwa ranakun da hadari ya rufe fanon sola, washegari ta tashi da ɗigon caji ta ci gaba da aiki. Har yau Barmo in ya zauna shiru yana jin muryarta: ƙwas! in sanda ta daki uwa, sai tulum! in ƙwallo ya shige, sai kuma wannan ɗan kukan nata, kilin-kilin, in saƙo ya shigo. Ya ce ko jiya ya laluba aljihu, ashe akuya ce ta taka kwano.

Ta kasance mai adalci kuma. Da bakinta aka kori wani mutumin Urno wanda duk sa'ad da ya ga za a cinye shi sai ya kashe rezo, ya dawo yana rantsuwa iska ce ta kaɗa eriya. Da bakinta aka dakatar da wani na Kaita da ya saka hoton tuwo da miyar kuka da tsakar rana cikin azumi. Ta hukunta wanda ke aiko bokal, wato saƙon murya, mai tsawon huɗuba, gaisuwa ce zalla tun daga mutanen gida har tumaki, ba ko kalma ɗaya ta biliyar. Duk waɗannan ta kore su, ta kuma dawo da su da kasuwa ta zagayo, domin korar majalisa ba ta gaba ba ce, ta jan kunne ce. Doka ɗaya ce tak ba ta wasa da ita. A zolayi mutum da saitinsa, da motonsa, wato babur ɗinsa mai tari, da garinsu, da sanƙon kansa, duk halal ne. Amma wanda ya ambaci iyayen wani, waje.

To, a nan ne ƙaddara ta shigo, kuma dole a faɗe ta ko da Barmo ya so a tsallake.

Barmo yana da taubashi, Isufu na Allakaye, mai shanu da gonar gero, ɗan ƙanen Inna Sabuwa, mahaifiyar Barmo. Tun suna yawo ba wando suke cin mutuncin juna, kamar yadda ya halatta tsakanin ɗan mace da ɗan namiji. Isufu bai taɓa kiran Barmo da sunansa ba sai da ƙari, Barmo kuwa ya sanar da duniya cewa shanun Isufu sun fi shi iya lissafin kusurwa. Kowace ranar kasuwa Isufu kan ɗauro jarkar nono a bayan moto ya kawo wa goggonsa, ya zauna a zaure su buga wasa da Barmo gwiwa da gwiwa, kowa da salularsa, suna zagin juna har shayi ya ƙare.

Ran nan aka kai wasan ƙarshe na gasar bayan girbi, Barmo da wani ɗan Buza. Saura baƙin ƙwallo kaɗai. Barmo ya gyara zama a tsakar gida, ya yi bisimilla, ya ja sanda har ƙarshe. Ƙwas! Baƙi ya tsaya cak a bakin rami yana kallonsa, uwa kuwa ta zagaya tebur ta shige. Tulum.

Nan take Isufu ya saki bokal a majalisa. Barmo, da yake zuciya ta rufe masa ido, ya danna bai rage murya ba, alhali Inna Sabuwa na zaune gefe tana tsince wake. Sai ga muryar Isufu ta cika gidan, yana dariya har da tari:

«Jama'a ku taho ku gani! Barmo, uwakka ta hwaɗa rami! Wallahi da hannunka ka tura ta!»

Inna Sabuwa ta ajiye faifai. Ta ce, «Ni? Wane rami? Ga ni zaune bisa tabarmata. Isuhu na ka hwaɗin haka? Ɗan ƙanena?»

Barmo ya shiga bayani, cewa ba ita ba ce, wata uwa ce, fara, mai zagaye. Inna ta ce ita ba ta san tana da kishiya a cikin salula ba. Kafin ya gama da gida, majalisa ta kama da wuta. Maigari, wanda ba gari gare shi ba sai son shari'a, ya rubuto cewa doka ba ta san taubashi ba. Mutumin Urno, da ke da tsohon ciwo, ya ce shi a kan iska ma an kore shi, bare wanda ya ambaci mahaifiyar admin da sunan rami. Kowa ya san uwar da Isufu ke nufi. Kowa kuma ya ga dama ta samu.

Barmo ya kori Isufu. Yana dannawa yana murmushi, don a ransa wannan ma wani zagi ne da ya rama, kuma ya ƙudura zai dawo da shi kafin Juma'a ya ce masa an yi wa makiyayi afuwa. Bai kira shi ba. Yana so ya ɗan dahu tukuna.

Ranar Laraba da safe yana ban ruwa a garka, sai ya ga dahuwar ta isa. Rezo a garkar nan ba ya sauka ko'ina sai a bakin rijiya, can gefen gabas, in mutum ya miƙa hannu. Barmo ya miƙa hannu. Ya buɗe majalisa, ya nemo sunan Isufu, wanda ya ajiye da «Bawana Mai Shanu», yatsansa na kan sunan. A daidai nan robar da ta yi shekaru tana riƙon amana ta tsinke. Marigayiya ta zame, ta daki bakin rijiya, ƙwas, ta juya sau ɗaya a iska. Abin da aka ji daga ƙasa, Barmo ya ce bai taɓa jin ta faɗe shi da kyau haka ba. Tulum.

An yi iyakar ƙoƙari, Allah ya sani. An zura guga, an zura ƙugiya, daga baya Barmo da kansa ya tuɓe ya shiga. An fito da ita a sume, bayanta a buɗe, pus ɗinta kuwa, wato ɗan katin da lambar ke ciki, ya zauna can cikin laka. An kwantar da ita a cikin shinkafa kamar yadda masana suka ce, sai Inna ta zo ta auni ta abincin rana, aka mayar da ita cikin gero, kaji suka taru a kanta. Da asubar Alhamis ta buɗe ido sau ɗaya, fuskarta ta yi kore, ta yi wata ƴar ƙara, zzz, ta rufe. Aka garzaya da ita wurin Hafizu mai gyara a bakin tasha. Ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya cire hularsa ya ce, «Malam Barmo, sai haƙuri. Wagga ta riga mu.» Batun sabon pus kuma ya gagara, don da katin shaidar wani abokin Barmo aka yi rajistar lambar, shi kuwa yana Libiya ba a san garin ba.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai lanƙwasasshen wuya, wadda sai an ɗora mata dutse take aiki. Ta bar abin saurare mai kunne guda. Ta bar roba, wadda iyali suka yanke shawarar kada a yi mata magana. Ta bar majalisa marainiya, ba mai shigarwa ba mai kora, har ga shi yanzu ana tallar raguna a ciki, mai dogon bokal ya dawo da gaisuwarsa har da ta kaji, Maigari kuwa yana ta kiran doka ba mai amsa masa.

Ta kuma bar Isufu a waje.

Wannan shi ne ciwon da ya hana Barmo cin tuwo. Isufu ya ga an kore shi, ya yi dariya, ya jira. Juma'a ta wuce. Ya kira lambar Barmo ya ji a rufe, ya sake kira ya ji a rufe, sai ya ɗauka toshe shi aka yi, wasa ya zama gaske. Da Maigari ya kira shi don ya yi bayani, bai bari ya kai aya ba, ya ce, «Ku riƙe majalisakku. In Goggo ta yi hushi da ni, ni ba ni da idon da zan dube ta.» Ya kashe. Kasuwa ta ci, ba moto ba jarka. Wata ta sake ci, shiru. Inna Sabuwa, wadda tun daren ranar ta gane zancen ta yi dariya har da hawaye, yanzu ko motsin moto ta ji sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofa. Furarta da ruwa take damawa, ta ƙi nonon kasuwa.

Masu hankali sun ce wa Barmo ya hau mota ya tafi Allakaye ya ba da haƙuri. Waɗannan ba su da taubashi. In Barmo ya durƙusa gaban Isufu ya ce yi haƙuri, ya tabbatar ke nan faɗan na gaske ne, daga ranar kuma sai gaisuwar mutunci da «ina gajiya», wasan da suka taso da shi ya mutu. Barmo ya ce ya yarda ya rasa salula, bai yarda Isufu ya fara girmama shi ba. Ya yi kewarsa ƙwarai, abin har ya ba mu tausayi. Ya kwana yana juyi, da safe ya ce a rubuta sanarwa, domin duk fushin mutum ba ya ƙin zuwa gaisuwar mutuwa.

Saboda haka ga yadda aka tsara. Za a yi jana'iza ranar kasuwa mai zuwa bayan la'asar, a garkar Barmo, gindin zogalen da ke kusa da rijiya. Za a naɗe marigayiya a ƙyallen buhun albasa. Ba za a yi mata salla ba, liman ya riga ya kore mu da carbi. Hafizu ya nemi a ba shi lasifikarta don a taimaki wata mara lafiya, iyali sun amince. Zaman makoki a zauren Inna Sabuwa, akwai shayi, kowa ya zo da cajinsa. Bayan addu'a za a buɗe sabuwar majalisa a salular aro, kuma a wannan karo admin biyu za a naɗa, don kada a sake zuba iko duka a aljihu ɗaya. An riga an san na farko. Kujerar na biyu tana nan, an hana Maigari zama a kai.

Ana roƙon duk wanda sanarwar nan ta shiga salularsa, in yana da hanyar Allakaye, ya tsaya wajen shanu ya karanta ta da ƙarfi. A gaya wa mai shanun cewa ba za a rufe ramin ba sai ya iso, ko da za a kai magariba. An ɗage doka ta yini ɗaya saboda mutum ɗaya. Barmo zai tsaya a bakin rijiya gaban jama'a, kuma da zarar an zura Uwar Majalisa a rami, Isufu yana da izinin ya maimaita maganarsa yadda ya faɗe ta, har da dariyar. Barmo ya ce zai rama.

Inna Sabuwa ta ce a ƙara da nata. Ita dai ba ta faɗa ko'ina ba, tana nan zaune inda ya bar ta, kuma kada ya kuskura ya zo gaisuwa ba jarka.