Ranar da na tashi ƙauye da dutsen niƙa a bayana

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na kori ƙauye guda ni kaɗai, ba bindiga, ba sanda.

Ni mutumin ƙasar Zurmi ne. Da 'yan bindiga suka ƙone garinmu, ƙafa ce ta kawo ni Kaura Namoda, ta daji da duwatsu. Ban yi boko ba, gudu dai na iya. Ƙanen matata, Malam Sanusi, da ke koyarwa a Jos, shi ya ba ni labarin wata tsere da ake yi can. Kwana da kwanaki ana gudu a kan duwatsu, kowa goye da abincinsa da ruwansa da bargonsa. Ya ce, "Yaya, ka yi gudun dole, zo ka yi na ganin dama. Amma ka riƙa gwaji da jakar da ta fi ta ranar nauyi."

Na samo jakar goyo a gwanjo. Na zuba ƙuliƙuli, garin kwaki, dabino, tocila da bargo. Na ɗaga, ba nauyi. Sai na naɗe ɗan dutsen niƙan matata Hajara a zaninta, na cusa. (Ban faɗa mata ba. Ta yi ta zargin maƙwabta.)

Ranar ina gwaji ta wajen Banga, da damina, hantsi ya ɗaga. Na gangaro daga wani tudu a guje. Wani manomi ya ɗago ya kalle ni. Na ɗaga masa hannu, haki bai bar ni na yi sallama ba. Ya yar da fartanya ya kutsa cikin dawa. Na ce a raina, wannan ba shi da tarbiyya.

Na shiga ƙauyen da ke gaba. Ba kowa.

Tukunya na tafasa a murhu. Turmi da gero a ciki, taɓarya a ƙasa, kaji na ci. Rediyo na magana shi kaɗai a gindin bishiyar bedi. Buta ta kife a bakin masallaci, ruwan bai gama tsiyayewa ba. Takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakar hanya. Na san irin wannan shirun. Shi na baro a garinmu.

Na ce 'yan bindiga sun iso. Na ga sawun mutane a taɓo ya nufi dutsen yamma, na bi da duk ƙarfina. Can na hango su, mata da goyo, tsofaffi da sanduna. Suka waigo suka gan ni, suka ƙara wuta. Da na ga sun ƙara, ni ma na ƙara. (Wallahi ina ta yi musu addu'a.)

A gindin dutsen 'yan sa-kai suka tare ni, bakin bindigar toka a ƙirjina. Babbansu wani dattijo ne mai ido ɗaya.

"Tsaya nan! Su nawa ne bayanka?"

"Ban gan su ba, Baba."

"To wa kake ma gudu?"

"Wanda kuke ma gudu."

"Kai munka gani!"

Suka zazzage jakar. Ƙuliƙuli, gari, tocila, bargo. Irin kayan da masu kai wa 'yan bindiga saƙo daji ke ɗauka ke nan, kuma kowa ya san abin da ake yi da wanda aka kama da su. Wani ya ce, "Infoma ne." Na ji an ɗana kunamar bindiga. Na soma kalmar shahada.

Dattijon ya taɓa ƙullin zanin, ya ji tauri. Kowa ya ja baya. Ya warware shi da bakin sanda. Dutsen niƙan ya gangaro, da sauran jan tattasai a jikinsa.

"Wanga fa?"

"Nauyi ne, Baba. Tsere za ni Jos."

"Wa zai kore ka can?"

"Ba kowa. Gudu dai."

"Gudu hakanan?"

"Awo."

Ya daɗe yana kallona da idon nan guda. Ya ce, "Ku sauke bindiga. Ɓarayi ba su aiken wawa irin wanga."

Mata ne suka fara dariyar. Na gwammace da ƙasa ta tsage na shige.

Akwai wata tsohuwa, Inna Tumba, da ɗanta ya goyo har nan. Dattijon ya ce tunda nauyi nake nema, ni zan mai da ta gida. Na goya ta, gari guda na biye da mu. Duk hanya tana ƙwanƙwasa min kai tana cewa, "Yi gudun mana, ɗan tsere! Ko sai da dutse kake iyawa?"

Har yanzu ina gwaji. Amma da na hango rufin gari sai in ja birki, in sauke jaka, in shiga a hankali da doguwar sallama kamar mai zuwa ta'aziyya. Na gane cewa a ƙasarmu in ka ɗaga ƙafa, da ƙafafun mutane ka ɗaga.