Sanƙon Yaya Sabi'u

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da Yaya Sabi'u ya ɗauke ni a babur zuwa Kusada ba.

Ina aji shida a firamare a Kankiya. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo, kowane saurayi ya tara suma buya-buya, ya soka mataji a ƙeya yana taƙama. Yayana kuwa, malamin gona sabon ɗauka, ko ashirin da biyar bai kai ba, tasa sumar ta fara yi masa sallama. Ni na fara ganewa, don ni ke share masa ɗaki: gashi a matashi, gashi a mataji, gashi har a bakin buta. (Ni yarinya ce mai shiru. A aji sai malam ya kira sunana sau biyu kafin in ɗaga kai. Amma idona ba ya hutu.)

Da ya ga na gane, sai ya ba ni aiki. Abin a tsakar ka yake, inda madubi ba ya kaiwa, don haka ni ce mai shafa magani, ni ce mai ba da rahoto. Mun gwada man shanu daga wata Bafulatana mai kawo nono unguwarmu. Mun gwada ruwan albasa. Mun gwada wani mai a 'yar kwalba daga kemis ɗin wani ɗan kudu, wanda ya rantse da ingancinsa alhali kansa na sheƙi kamar tasa. Duk Juma'a Yaya zai duƙa ya ce, "Bilki, ya fito?" In duba in ce, "Yaya, da kamar kwabo ne, yanzu ya kai murfin gwangwanin madara."

Malamin asibiti ya gaya masa gaskiya tun farko: gado ne, sinadarin da ke fito wa namiji da gemu shi ke cin gashin kai ga wanda ya gada, kuma ba albasar da za ta hana. Yaya ya dawo ya ce mutumin bai san aikinsa ba.

Ba ado kaɗai ke damunsa ba. Akwai Hajara a Kusada, kuma ya sa a ransa cewa ranar da ta ga tsakar kansa, ranar za ta ce ta fasa. Tun da ya fara zuwa wurinta hularsa ba ta taɓa matsawa ba. "Sai an ɗaura aure," ya ce mini. "In kika faɗa wa ko kaza, ni da ke har abada."

Ranar kasuwa ya tafi da ni in gaida mutanen gidan su Hajara. A hanya ya yi ta nanata mini: ki gaida kowa, ki zauna, ki yi shiru. Ya samu gwana. Ya tsaya a zaure, ni na shige ciki, aka shimfiɗa mini tabarma. Aka kawo fura na kurɓa kaɗan. Kakar Hajara, wata tsohuwa mai bakin tsiya da ake kira Iya, ta yi ta jana da wasa, ni kuwa kaina a ƙasa.

"Ɗiyar nan kurma ce halan?" in ji ta. "Ko kun bar bakin can Kankiya?"

Mata suka yi dariya. Ban ce uffan ba. Har na fara jin daɗin kaina.

Da la'asar ta yi sai wan Hajara ya shigo daga kasuwa, saurayi sa'ar Yaya. Ya ɗauki buta, ya tsuguna gab da ni, ya ture hula zai shafi kai. Jama'a, ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Ni da na yi watanni ina wannan fanni, sai na bi shi da ido ina aunawa: gefen goshi ya ja da baya, tsakiya ta tafi, saura ɗan tsibiri a gaba.

"Ke, mi kike kallo haka?" in ji Iya.

Kuma a nan, bayan yini guda ina kurma, bakina ya ga dama ya buɗe.

"Nashi ya fi na Yaya girma," na ce. Da na ga an yi tsit, sai na ɗauka shawara ake jira. "Kar ya sa man shanu. Mun gwada, ƙuda kawai yake kira."

Wata mata da ke daka ta saki taɓarya. Wan Hajara ya daskare da hannu a ka. Ita Hajara ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa, na ji da ma tabarmar ta naɗe ni a kai ni ɗaki.

Iya ta dogara sanda ta nufi zaure, muryarta har maƙwabta: "Kai mijin! Tuɓe hular nan in ga abin da za mu saya!"

Ban ga fuskar Yaya ba, don katanga ta raba mu. Hawaye ya zubo mini. Na kashe wa yayana aure da bakin da ko amsa suna ba ya iyawa.

Hajara ce ta zo ta zauna kusa da ni, tana share nata hawayen na dariya. "Bar kuka, ƙanwata. Tun zuwanshi na biyu na gani, yana alwala ƙofar gida ina leƙe. Babanmu haka, yayyena haka. Gidan nan namiji mai gashi shi ne baƙo. Ni tausayi ma yake ba ni, hula cikin zafin bazara, ga warin albasa."

Muka kama hanyar komawa har muka wuce rabin tafiya. Sannan Yaya, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Da gaske nashi ya fi nawa?"

An yi biki bayan kaka, Yaya kuma ya aske sauran gashin da kansa. Ni dai har yau dangin Kusada Likita suke ce mini. Abin da na koya shi ne, idan Allah ya taimake ki kika yi shiru tun safe har la'asar, to ki daure ki kai magariba.