Rasuwar Ƴar Sittin, Moton Kailu

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, da hannuwa cike da baƙin mai, Kailu ɗan Hawa na unguwar bayan kasuwa, Filinge, yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki na ƙasar Kurfai, da na Yamai, da waɗanda suka tafi cin rani, rasuwar motonsa, baƙar nan mai ƙafa biyu da kowa ya sani da suna Ƴar Sittin. Ta cika jiya Talata da azahar, a gaban rumfar mahauta, bayan gajeriyar rashin lafiya.

“Gajeriyar rashin lafiya” ba maganar Kailu ba ce. Shi “bayan an kashe ta” ya rubuta. Kawunsa Magagi, yayan mahaifiyarsa, yana zaune kusa da shi. Bai iya karatun boko ba, amma ya iya karatun fuska, sai ya ce a karanta masa.

“Goge,” in ji Kawu Magagi. “Wa yak kashe ta? Magani nib ba ta.”

“Kawu, kanwa kab ba ta.”

“To kanwa mi ta, in ba magani ba? Dawakin da sunka sha kanwa ga hannuna sun hi gashin kanka yawa, ba wanda yam mutu ranar.”

“Ita ba doki ba ta.”

“Ka san ba doki ba ta, kaɗ ɗaure ta ga turke?”

Kailu bai ɗaure ta ba. Jingine ta ya yi, don nan kaɗai ke da inuwa a gidan. Amma Hawa ta leƙo daga madafa ta ce kada ta ji wanga yaro yana ɗaga wa yayanta murya saboda ƙarfe. Aka goge. Masu karatu su dai san cewa an goge.

Wanda ya ga zafin ya yi yawa a kan moto, to ga dalili. Masu rabon hatsin taimako suna neman saurayi mai takardar kolej kuma mai abin hawa na kansa, da zai riƙa zagaya ƙauyuka daga Damana har Abala yana gano inda mutane suka rage. Sun ce wa Kailu ya zo buro, wato ofishinsu, ranar Lahadi, ranar kasuwa, shi da abin hawansa. In ya zo da ita, aiki nasa ne, ya zauna gida kusa da uwarsa, wadda ba ta da wani ɗa sai shi. In ya zo da ƙafa, ranar Litinin zai hau motar Yamai ya bi sawun ƴan ajinsu zuwa Abijan. Lahadin ita ce wannan mai zuwa.

Marigayiyar ta shigo Filinge shekarar da aka sami mulkin kai, daga nan ta samo sunanta. Wani ma'aikacin likitan dabbobi ne ya zo da ita, sabuwa fil. Tsofaffi sun shaida cewa ranar bikin, ƙararta ta hana a ji rabin jawabin da aka yi, kuma ba wanda ya kai ƙara. Ta zaga rijiyoyin Kurfai da akwatin allura a bayanta, har shanu suka san muryarta, suna jin ta daga nesa su watse. Daga hannunsa ta koma hannun wani gardi, mai tsaro na gwamnati, wanda ya koya mata faɗuwa. Daga gardi ta koma wurin Idi mai shago, wanda bai taɓa hawanta ba. Ya jefa ta bayan shago, kaji suka tare a cikinta da iyalansu.

Nan Kailu ya same ta. Ya dawo daga kolej da takardarsa, ya sa takardar a akwati, ya zauna yana kallon sama tare da sauran gari. Damina ta ƙi, ta sake ƙi. Sai ya kora tumakin da ya gada daga mahaifinsa zuwa kasuwa tun suna iya zuwa da ƙafarsu, ya dawo yana tura gawar moto, wata kaza na binsa tana zagi. Gari ya yi dariya har ya gaji. Kailu ya ce, “Ita ba ta cin ciyawa.” Wannan ya ishe shi jawabi na wata guda.

Marigayiyar ta zo hannunsa babu fiston, babu sarƙa, babu sirdi, fitilarta makauniya. Kailu ya shiga duniya neman gaɓoɓinta. A Yamai, wajen masu tsofaffin ƙarafa, ya koyi cewa ba a taɓa abin da ake so. Sai a ɗauki abin da ba a so, a juya shi, a raina shi, a yi ciniki har rana ta karkata, sannan a nuna abin da aka zo nema da ɗan yatsan ƙafa a ce a sa shi gyara. Haka ya sami fiston ɗinta a matsayin gyara a kan wata fitilar kamyo, babbar motar kaya, da har yau ba a san abin da za a yi da ita ba. Sarƙa kuwa a Damana ya gan ta, an ɗaure ƙofar rumbu da ita. Ya fara doguwar gaisuwa irin ta mai son ciniki, mai rumbun ya katse shi. “Kwance ka tahi da ita, ɗana. Mi za a sata ciki?” Sirdi, Albarka badukku ne ya ɗinka da jar fata, ya ƙara masa tuntaye da ba wanda ya roƙa. Isufu makanike, mai gyaran injin niƙa, shi ya harhaɗa su duka, yana cewa bai taɓa ganin moton da kowace gaɓarta ke da garinsu ba.

Ranar da ta farfaɗo, unguwa ba za ta manta ba. Kailu ya taka ta, ta yi shiru. Ya sake takawa, ta ce tuf. Ta yi tunani. Ta ce tuf, tuf. Daga nan sai tuf-tuf-tuf-tatatata, hayaƙi ya rufe tsakar gida, Hawa ta suri ƙwaryar fura ta yi waje. Waɗanda suke wurin sun rantse sun ga haƙoran Kailu, na sama da na ƙasa, abin da ba a gani ba tun yana firamare.

Ta kasance mai haƙuri da yashi, mai kawaici ga ramuka. Ba ta taɓa tashi a takun farko ba, don ba ta son gaggawa. Ba ta taɓa ƙin a tura ta ba, ko wane ne mai turawa, talaka ko mai hali. Ba ta iya munafunci ba: duk inda Kailu ya je, gari ya sani kafin ya isa. Ta ɗauki buhun dawa, ta ɗauki ungozoma, ta ɗauki wani malami da bai daina addu'a ba sai da aka sauke shi. A shekarar da komai ke ramewa, ita kaɗai ce a Filinge take ƙara sheƙi.

Sheƙin nan kuwa ba aikin Kailu ba ne shi kaɗai, kuma nan ne labarin jinya ya fara. Kawu Magagi mutumin doki ne tun tasowarsa. Dokinsa na ƙarshe, wani akawal da ya fi so da wasu dangi, fari ya kwantar da shi bara. Turken ya zauna wayam, shi ma Kawu ya zauna. Da Ƴar Sittin ta zo, ya ce shi ba ya gaisawa da abin da ba ya haniniya. Ba a jima ba aka gan shi yana kakkaɓe mata ƙura da gefen rawani. Aka gan shi ya lulluɓe ta da jalalar akawal don rana. Aka ji shi da safe yana tambayarta kwana. Ya fara cin tuwonsa yana cinyewa. Hawa ta ce a ƙyale shi. Kailu ya ƙyale shi, har ya ji daɗi, Allah Ya gani.

Ranar Litinin marigayiyar ta dawo daga hanyar Damana da tari. Tana tafiya sai ta ce kuf, ta ci gaba, ta sake cewa kuf. Isufu ya ce buji ne, ɗan abin nan mai ba inji wuta, abin da ake canzawa kafin shayi ya huce. Jiya da hantsi Kailu ya tafi karɓo bujin. Kawu Magagi ya rage shi da mai tari, ga kuma ƙullin jar kanwa da ya ɓoye wa akawal, wadda dokin bai rayu ya sha ba. Ya daka ta da kansa, ya dama da ruwa, ya ɗan barbaɗa dusa don kada ta yi mata ɗaci. Ya buɗe tanki ya zuba. Ya duba ƙasa ya ga wani murfin, na wurin baƙin mai, ya buɗe ya zuba sauran. Daga baya da aka tambaye shi, ya ce, “Baki biyu gare ta. Ni ba ni zalunci, kowane nib ba shi rabonai.”

Kailu ya dawo bai san komai ba. Ya ɗaura buji, ya taka. A karo na farko a rayuwarta, ta tashi a taku ɗaya. Kawu Magagi ya gyara zama ya ce, “Ka ji ko?” Kailu ya hau ya nufi kasuwa, tana kuka mai daɗi irin wanda bai taɓa ji ba, tuntayen Albarka na tashi a iska. Ya wuce masu goro, ya wuce teloli, har ya saki hannu ɗaya ya gaida Idi. A gaban mahauta ta ce kuf. Ta ce garrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Ta ce ƙis. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Isufu ya buɗe cikinta a nan inda ta faɗi. Ya daɗe yana kallo. Ya lakato abin da ya gani da yatsa, ya sansana, ya ɗanɗana, ya ce shi dai a iya saninsa wannan miyar kuka ce ta rasa kuka. Fiston ya manne da gidansa, ba mai raba su.

Ta rasu ta bar mai ita, Kailu, mai takarda ba aiki. Ta bar Hawa, wadda ta ce ba ta taɓa son ƙarar ba, amma tun jiya take cewa gidan ya yi shiru da yawa. Ta bar Kawu Magagi, wanda har yanzu yana kan bakansa cewa maganin ya kama ta, tunda tarin ya tsaya. Ta bar buji sabo da bai yi aikin rabin yini ba, da tayoyi biyu masu sauran rai, da kajin Idi, waɗanda tuni suka aiko a tambaya ko ɗakinsu ya fita.

Ana zaman karɓar gaisuwa a gidan Hawa, gindin turke, daga hantsi zuwa la'asar. Ba za a yi mata salla ba. Liman ya yi bayani, Kailu bai yi gardama ba. Ba za a raba gumba ba, kowa ya san shekarar da ake ciki. Mai zuwa ya zo da buzunsa. Ana roƙon jama'a, don Allah, kada kowa ya zo da magani ko wane iri ne. Masu son tayoyi don takalma, da masu son robar ciki don guga, su daina zagaya gawar suna latsawa, a bari a ɗauke ta tukuna.

An shirya ɗaukar ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a amalanke, zuwa bayan garejin Isufu, inda magabatanta suke kwance. Amma an ɗaga zuwa Asabar da yamma, saboda abin da ya faru yau da safe a wurin zaman.

Wani bafatake da ya zo gaisuwa ya ce ya san irin wannan moton. Akwai injinta sak a Abala, a gidan wani tsohon soja, an kifa shi ana dafa shayi a kansa, kuma mai shi zai rabu da shi. Isufu ya ce in injin ya iso hannunsa ranar Asabar, ko da la'asar ne, zai tashe ta kafin a buɗe buro. Kailu ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Hawa, da ke ƙulla masa garin tafiyar Abijan a bakin zane, ta tsaya da ƙullin a hannu. Sai wani ya tuna cewa motar Abala ba ta zuwa sai ranar kasuwa, ranar Lahadin kanta, kuma da rana tsaka take isowa.

Kawu Magagi ya tashi ya yafa rawani. Ya ce shi ya san hanyar Abala tun ba a haifi moto ba. Ya ce shi zai je, shi zai ɗauko, kuma ba zai ba injin komai a hanya ba, ko ruwa. In ya kama hanya yau, Asabar yana nan. Abu ɗaya ya rage masa. Ya juya ya dubi masu gaisuwa, manoma da makiyaya da mahauta, mutanen da shekara biyu da suka wuce ba a iya ƙirga dabbobinsu, suna zaune a jere a kan buzaye.

“Jama'a,” in ji shi, “wa ad da raƙumin da ke iya tashi tsaye?”